Yadda Ake Gano Tushen Ƙara a Akwatin Sauti Yayin Kwafe Tsofaffin Faya-fayan Garmaho Zuwa Kwamfuta

Tambayar da ta fi yawan fitowa daga masu son mayar da tsofaffin faya-fayan garmaho zuwa kwamfuta ita ce ta ƙarar da ke bin sautin. Mutum ya samo faya-fayan da mahaifinsa ko kakansa ya bari a adaka, ya sayi garmaho na gwanjo, ya haɗa shi da akwatin sauti irin wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad, amma da ya fara ɗauka sai ya ji ƙugi yana tafiya tare da waƙar daga farko har ƙarshe, ko huci, ko wata siririyar tsuwwa da ke canja murya duk lokacin da ya motsa maus. Abin da akasari ake yi a nan shi ne a ɗora wa akwatin sautin laifi a je a sayo wani, ko kuma a ɗauka haka nan da niyyar gogewa da manhaja daga baya. Duka biyun asarar kuɗi ce da lokaci, domin a mafi yawan lokuta akwatin lafiyarsa ƙalau, ƙarar ta wata kafa take shigowa, kuma sai an san kafar kafin a san maganin. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa tsarin da ya kamata a bi su, kuma tsallake ɗaya yakan sa mutum ya yi ta zagaye a wuri guda.

Kayan aiki da abin da za su ci

Abu na farko shi ne firiyam na garmaho, wato ƙaramar na'urar da ke ƙarfafa sautin allura kafin ya isa akwatin sauti. Ƙananan irinsa, kamar Behringer PP400 ko ART DJ Pre II, kuɗinsu yana tsakanin kimanin dala 25 zuwa 70 a ƙasashen waje, kuma farashinsu a Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano yana bin canjin ranar. Wanda ke da tsohuwar amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO a bayanta ba ya bukatar sayen komai, domin firiyam ɗin yana cikinta, sai dai ya ɗauko sautin daga ramin REC OUT ko TAPE OUT.

Bayan wannan ana bukatar wayoyi biyu masu kan RCA, wato zagayayyen kai mai tsini a tsakiya da zobe a kewaye, a gefe ɗaya da babban jak mai kaurin milimita 6.35 a ɗaya gefen, da guntuwar wayar lantarki kamar mita ɗaya, da hedifon mai rufe kunne, da mitar awon lantarki irin ta masu gyaran rediyo, da burushi mai laushi, da tataccen ruwa, da ƙaramin sikelin awon nauyin allura wanda bai cika wuce dala 15 ba. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa aikin duka. Shawarata ita ce kada ka sayi wani abu bayan waɗannan sai ka gama mataki na 3, saboda na'urorin tace ƙara da ake tallatawa kowace tana maganin cuta ɗaya ce kawai, idan ba ita ke damunka ba ka jefar da kuɗinka.

Mataki na 1: Saurari ƙarar ka tantance irinta

Saka hedifon a jikin akwatin sautin, ka ɗaga allura daga kan faifai, ka saurara da kyau. Ƙarar da ke nan alhali allura tana sama ta lantarki ce ko ta kwamfuta. Wadda ba ta fitowa sai allura ta sauka ta faifai ce, ko ta allura, ko ta injin garmahon. Wannan rabuwar ta farko ita kaɗai tana rage rabin wahala.

Daga nan sai ka duba wace iri ce. Ƙugi mai kauri wanda ba ya tashi ba ya sauka, na wutar gida ne, kuma a Najeriya da Nijar yana kan zango 50 a daƙiƙa, wato Hz 50, ko ninkinsa 100 da 150. Ƙugin da ke da kaifi kamar na ƙudan zuma a cikin gwangwani, shi ma daga wuta yake, amma yawanci ta caja ko inbata ko ƙwan fitila yake biyowa. Huci mai kama da iskar da ke fita daga taya yana nuna an murɗa ƙarfi fiye da kima a wani wuri. Tsuwwa siririya mai canjawa idan allon kwamfuta ya motsa, ta wayar USB take shigowa. Ƙas-ƙas da tas-tas na ƙura ne ko karce. Rugugi mai zurfi da ake ji a ƙirji fiye da kunne na inji ne ko na tebur. Rubuta abin da ka ji a takarda, ka kuma lura ko a kunne ɗaya yake ko a duka biyun.

Mataki na 2: Tabbatar da cewa an jera haɗin daidai

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a zaro waya daga garmaho a cusa ta kai tsaye a akwatin sauti. Kan allura na yau da kullum, irin da ake kira MM, abin da yake fitarwa bai wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, alhali ramin LINE yana jiran abin da ya kai kusan milibolt 300 ko fiye. Tazarar ta kusa ninki 100, wato kimanin dB 40, kuma idan aka ce maɓallin ƙara ƙarfi na akwatin sauti, wato GAIN, ne zai cike ta, to sai an murɗa shi har ƙarshe, huci kuwa ya cika kunne. Ban da wannan, tun daga 1954 kamfanonin faifai suka daidaita a kan ma'aunin RIAA, inda ake rage ƙasan sauti, wato mai kauri, a ƙara samansa, wato mai kaifi, lokacin yanka faifai, firiyam ne kuma ke mayar da shi yadda yake. Shi ya sa ɗaukar da aka yi ba tare da firiyam ba take fitowa siririya, ganga ba ta da nauyi, murya kuma tana da kaifi mai cizon kunne.

Jerin da ya dace shi ne garmaho, sannan firiyam, sannan akwatin sauti, sannan kwamfuta. Wayar hagu, mai farin kai, ta shiga rami na 1, ta dama mai jan kai ta shiga rami na 2.

Akwai kuma akasin wancan kuskuren. Wasu garmaho na zamani, irin su Audio-Technica AT-LP120X, suna da firiyam a cikinsu, da ɗan makunni a baya mai PHONO da LINE. Idan makunnin yana kan LINE sannan aka sake bi da sautin ta wani firiyam, an ƙarfafa shi sau biyu, sai ya fito a fashe, ƙasansa ya kumbura har ba a gane kiɗan. Zaɓi ɗaya: ko dai LINE kai tsaye zuwa akwatin sauti, ko PHONO zuwa firiyam na waje.

A jikin akwatin sautin, kashe maɓallin INST, domin na jita ne, ka bar ramukan a kan LINE.

Gargaɗi: kashe maɓallin 48V kafin ka haɗa komai. Wutar makirufo ce da ke bi ta ramin XLR mai ƙafa uku, kuma idan ka yi amfani da mahaɗi daga RCA zuwa XLR alhali tana kunne, tana iya lalata firiyam ko ta ƙona siririyar wayar da ke cikin kan allura. Ko da a kashe take, ɓangaren XLR na makirufo ne, ba a bi da sautin firiyam ta nan. Haka kuma akwatunan da ke da ramin makirufo ɗaya da na jita ɗaya, kamar Scarlett Solo, ba su dace da wannan aikin ba, tunda ramukan biyu ba iri ɗaya ba ne, hagu da dama ba za su taɓa daidaita ba. Irin su Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD masu tagwayen ramuka su ne suka dace.

Mataki na 3: Cire komai, sannan ka mayar ɗaya bayan ɗaya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma yana bukatar haƙuri irin na mai neman inda bututun ruwa ke yoyo, wanda ke rufe famfo ɗaya bayan ɗaya. Buɗe Audacity, ka ajiye maɓallan GAIN a inda kake sa ran za ka yi ɗauka, kada ka sake taɓa su har ka gama. A kowane hali da ke ƙasa ka ɗauki shiru na daƙiƙa 10, ka ba shi suna.

Na farko, akwatin sauti shi kaɗai, babu komai a ramukansa, laftof kuma tana kan batir, an zare caja daga bango. Na biyu, ka haɗa firiyam da garmaho da wayoyinsu, ka kunna firiyam, amma filogin garmahon yana waje. Na uku, ka saka filogin garmaho ba tare da ka tayar da injin ba. Na huɗu, ka tayar da injin, faranti yana juyawa, allura tana sama. Na biyar, ka sauke allura a bakin faifai inda waƙa ba ta fara ba. Na shida, ka mayar da caja. Na bakwai, ka mayar da sauran kaya irin su sifika, allo na biyu da firinta, kowanne shi kaɗai. Inda ƙarar ta fara bayyana, nan ne kafarta.

Idan ƙarar tana nan tun a hali na farko, sai ka gwada wata wayar USB da wata kwamfutar. Idan ta bi akwatin har can, a lokacin ne kawai za ka iya cewa akwatin ne ke da matsala.

Kunne yana yaudara, saboda haka ka haɗa da ido. Zaɓi shirun da ka ɗauka, ka shiga Analyze ka danna Plot Spectrum. Tsini ɗaya a kan 50 yana nuna rashin wayar ƙasa, wadda bayaninta ke mataki na 4, ko kusanci da tiransifoma. Tsini mafi tsawo a kan 100 yana yawan nuna cewa adaftar da ke ba firiyam wuta ta gaji. Tsinaye da yawa a jere, 50 da 150 da 250 har sama, na caja ne ko inbata ko zagayen ƙasa da za a yi bayaninsa a gaba.

Lura: kada ka yanke wa firiyam hukunci alhali babu komai a ramin shigarsa. Firiyam mai lafiya ma yana huci da ƙugi idan an bar bakinsa a buɗe.

Mataki na 4: Wayar ƙasa da maganin ƙugi

A bayan yawancin garmaho akwai wata siririyar waya ta uku mai ɗan ƙarfe kamar cokali mai yatsu biyu a bakinta, ko kuma ƙusa da aka rubuta GND. Wannan ita ce wayar ƙasa, kuma wurinta shi ne ƙusar GND da ke jikin firiyam ko amfilifaya. Garmaho na gwanjo sau da yawa yakan zo an gutsure ta, mai shi kuma bai san da zamanta ba. Kowace irin wayar lantarki za ta iya maye gurbinta, muddin an feƙe bakinta, an kankare tsatsar da ke kan ƙusar har ƙarfen ya yi haske, an kuma ɗaure sosai. Gwajinta mai sauƙi ne: ɗora yatsa a kan ƙarfen hannun allura kana saurare. Idan ƙugin ya ragu ko ya ƙaru da taɓawarka, to wayar ƙasa ce ba ta zauna ba. Akwai 'yan garmaho, kamar na kamfanin Rega, da ba su da wannan wayar tun daga masana'anta saboda an bi da ita ta cikin wayar sautin, waɗannan ba a ƙara musu komai.

Idan ƙugin bai tashi ba sai da ka haɗa sifika ko allo ko wata na'ura, abin da ke faruwa zagayen ƙasa ne. Na'urori biyu suna soket daban-daban, kowace da hanyarta ta zuwa ƙasa, ga kuma wayar sauti ta haɗa su, sai ɗan bambancin wutar da ke tsakanin soket ɗin biyu ya riƙa gudana ta cikin wayar sautin. Magani na farko kyauta ne: tara garmaho da firiyam da kwamfuta a kan ekstenshan ɗaya mai kyau, ka cire duk abin da ɗaukar ba ta bukata, musamman duk wata waya da ke zuwa daga talabijin ko dikoda. Idan hakan bai wadatar ba, a nan ne ake sayen ƙaramar tiransifomar raba ƙasa. Wurinta tsakanin firiyam da akwatin sauti ne. Ba a sa ta tsakanin garmaho da firiyam, kuma masu arha sosai suna rage nauyin ganga, don haka ka saurara kafin da bayan sa ta.

Gargaɗi: za ka ji masu cewa a karya doguwar ƙafar filogi, ta ƙasa, ƙugi zai tafi. Yana iya tafiya, amma wannan ƙafar ita ce ke kare ranka ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura. Kada ka karya ta, kada kuma ka naɗe ta da salatif. A ɗaya ɓangaren, gidaje da yawa an ja musu waya ba tare da an kafa sandar ƙasa ba sam, alamar hakan kuwa ita ce ɗan tsikarin da kake ji idan ka shafi jikin laftof mai ƙarfe tana caji. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba a ɗaura waya a bututun ruwa ko a ƙarfen taga a ce an yi.

Sauran ƙugin na kusanci ne. Wayar da ke tsakanin garmaho da firiyam ita ce mafi rauni a duk jerin, tunda duk abin da ta tsinta za a ninka shi sau 100. Kada tsawonta ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kada ta kwanta a gefen wayar wuta, idan kuma dole su haɗu to su gicciye juna. Nesanta firiyam daga sitabilaiza, da adaftoci, da saman amfilifaya. Sau da yawa matsar da shi taƙi biyu kawai yana kashe ƙugin da aka kwana ana nema.

Ƙugi a kunne ɗaya kuwa yana da tasa hanyar. Musanya wayar hagu da ta dama a bakin firiyam. Idan ƙugin ya koma ɗaya kunnen, matsalar tana ɓangaren garmaho. Duba ƙananan wayoyi huɗu da ke bayan kan allura: fara da shuɗiya na hagu ne, ja da koriya na dama, kuma shuɗiya da koriya su ne na ƙasa. Ɗaya takan yi sako-sako ko ta yi tsatsa. Da ɗan hantsaki ake matse ta, a hankali, domin sun fi zare kauri da kaɗan ne kawai. Idan kan allurar MM ne, za ka iya auna tsakanin tsinin RCA da zobensa da mita, ɓangarorin biyu su ba da adadi kusan ɗaya, ɗaruruwan om ko sama da haka kaɗan. Ɓangaren da bai nuna komai ba waya ta tsinke a cikinsa, sai mai gyara ya sa dalma.

Mataki na 5: Caja, janareta, inbata da wayar USB

Idan ƙarar ta shigo ne a daidai lokacin da ka mayar da caja, mafita mafi arha ita ce ka yi ɗaukar a kan batir. Gefe ɗaya na babban faifai minti 20 ne ko sama da haka kaɗan, batir mai matsakaicin ƙarfi zai kai ka. Cajojin da ba na asali ba sun fi kowane abu zuba datti a layin wuta, har ma cajar waya da ke wani soket a ɗakin tana iya shiga ɗaukar, saboda haka a zare su duka.

Inbata iri biyu ce. Mai fitar da wuta sumul kamar ta layi ba ta da matsala sosai, amma mai arha wadda wutarta ke fita a daddatse tana haifar da ƙugi mai kaifi wanda babu wayar ƙasar da za ta kashe shi. Ƙaramin janareta kuma matsalarsa biyu ce. Zangon wutarsa ba ya tsayawa a kan 50, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa, don haka ƙuginsa ma yawo yake yi, manhaja ba ta iya kama shi a wuri ɗaya. Sannan garmahon da injinsa ke ɗaukar saurinsa daga zangon wuta, kamar yawancin tsofaffi masu bel, zai riƙa sauri yana lafawa, muryar mawaƙi tana lanƙwasa. Masu sarrafa saurinsu da kansu, irin su Technics SL-1200, ba su da wannan damuwar. A ganina faifan da ya jira shekaru 40 zai iya jiran a kawo wuta, ko a kai shi inda ake da inbata mai kyau.

Gargaɗi: duba rubutun da ke bayan garmahon gwanjo kafin ka saka shi a soket. Wanda aka yi domin Amurka na bolt 120 ne da Hz 60. Wutarmu ta bolt 220 zuwa 240 za ta ƙona shi nan take, idan kuma ka bi da shi ta tiransifomar rage wuta, injin da ke bin zangon wuta zai juya da kashi 5 cikin 6 na saurinsa, waƙar ta fito a ja, murya ta yi kauri.

Tsuwwar USB kuma ana fara maganinta da cire akwatin sauti daga kowane mahaɗi mai ramuka da yawa a saka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, a gwada kowane rami, a kuma yi amfani da gajeriyar waya mai ɗan kumburi a kusa da bakinta. Akwai na'urar raba wutar USB, amma yawancin masu arha saurin megabit 12 kawai suke ɗauka, alhali akwatunan sauti da yawa suna aiki a kan 480, kwamfuta ba za ta ma gan su ba ta cikinta. Wayar salula kuma a fitar da ita daga ɗakin ko a kashe layinta, domin ita ce ke kawo dit-dit-dit ɗin nan da ake ji a sifika gab da shigowar kira. Na'urar rage gudun fanka da ƙwayayen fitila masu arha su ma a kashe su a ji ko an sami sauƙi.

Mataki na 6: Daidaita ƙarfin ɗauka

Kafin komai, tabbatar cewa Audacity daga akwatin sautin take ɗauka, da layi biyu, ba daga makirufon laftof ba. Abin yana da ban dariya, amma mutane da yawa sun ɗauki faifai sukutum ta makirufon kwamfuta, har da kukan akuyar maƙwabta, suna mamakin inda hayaniyar ta fito. Tafa hannu kusa da kwamfutar allura tana sama. Idan ma'aunin ya motsa, ba ka zaɓi na'urar da ta dace ba.

A saitin ingancin ɗauka, zaɓi zurfin bit 24 da zango Hz 48,000 ko 96,000, ka sa adadi ɗaya a cikin manhajar da kuma saitin sauti na Windows, ka kashe duk wani gyaran murya da Windows ke yi da kansa. Nemo wurin da kiɗan ya fi ƙarfi a faifan, ka murɗa GAIN har ma'aunin ya riƙa kaiwa tsakanin dB -10 da -6, kada ya taɓa 0. A bit 24 babu asara idan an bar wannan sarari, amma sautin da ya bugi 0 ya fashe ke nan, ba ya gyaruwa. Idan firiyam ɗinka yana da nasa maɓallin ƙarfi, ɗaga shi gwargwadon da fitilarsa ba ta yin ja, ka bar na akwatin sauti a ƙasa.

Kashe sifika gaba ɗaya lokacin ɗauka. Allura tana jin girgizar sifika ta cikin tebur da iska, ta mayar da ita cikin ɗaukar a matsayin rugugi. Garmahon ya zauna a kan abu mai nauyi wanda ba ya rawa, a miƙe daidai, ba a tebur ɗaya da kwamfutar da fankarta ke kaɗawa ba.

Mataki na 7: Faifai da allura

Idan komai shiru ne sai allura ta sauka, lantarki ya fita daga zargi. Wanke faifan da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa ɗaya, kana bin layukansa a zagaye da burushi mai laushi, ba tare da ka jiƙa takardar tsakiya ba, ka ɗauraye, ka jingine shi a tsaye a inuwa har ya bushe sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishirinsu a cikin layukan, ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota yana yi, amma ka tabbatar ruwan ne zalla aka ba ka ba mai asid ba.

Gargaɗi: faya-fayan da ke juyawa sau 78 a minti, masu nauyi da saurin fashewa, ba roba ba ne, da wani irin ƙaro aka yi su, kuma sifirit yana narkar da su. Kada ya kusance su ko kaɗan. Suna kuma bukatar allura mai faɗin baki, kusan ninki huɗu na ta sauran faya-fayai. Idan aka sa musu siririya sai ta nutse har ƙasan layin ta riƙa kwaso huci.

A lokacin hunturu, bushewar iska tana sa lantarki ya taru a jikin faifai, ya jawo ƙura, ya kuma riƙa fitar da tas-tas ko da faifan sabon wanki ne. Rufe tagogi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka share faifan da burushi gab da sauke allura. Damina ta fi dacewa da wannan aikin ga wanda ba ya gaggawa.

Share allura da ɗan burushi daga baya zuwa gaba kawai. Allurar da ta zo da garmahon gwanjo, wadda ba ka san shekarunta ba, a canja ta, kuɗin sabuwa kimanin dala 20 zuwa 50 ne ga na yau da kullum, tsohuwa kuwa tana sa sauti ya dusashe tana kuma cin faifan. Auna nauyinta da sikeli ka bi abin da masana'anta suka faɗa. Ga AT-VM95E, misali, giram 2 ne. Tsohuwar al'adar ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle tana ninka nauyin sau da yawa, tana sassaƙe layin faifan. Rage nauyin fiye da kima ma ɓarna ne, domin allurar tana rawa a cikin layi, sauti ya riƙa karcewa a inda mawaƙi ya ɗaga murya. Tas ɗin da ke dawowa duk bayan daƙiƙa 1.8 a babban faifai karce ne, tunda wannan ne tsawon juyi ɗaya a saurin 33 da sulusi, kuma dum mai zurfi da ke bin wannan lissafin alamar faifan da zafi ya lanƙwasa ce.

Mataki na 8: Tas-tas ɗin da kwamfuta ke haifarwa

Ba kowane tas ne na faifai ba. Sake ɗaukar wurin sau biyu. Idan ya dawo a kan kalma ɗaya, a faifan yake. Idan ya canja wuri ko ya ɓace, kwamfutar ce ke tuntuɓe. Ƙara girman bafa, wato ɗan ma'ajin da sauti ke taruwa a ciki kafin kwamfuta ta sarrafa shi, zuwa 512 ko 1024, tunda jinkiri ba ya cutar da wannan aikin, ka kashe intanet, ka rufe sauran manhajoji, ka kuma hana kwamfutar rage ƙarfinta ko yin barci idan tana kan batir.

Mataki na 9: Abin da ya rage sai manhaja

Ajiye ɗaukar farko a tsarin WAV yadda take, a wuri biyu, ka yi gyara a kan kwafi. A cikin Audacity, fara da High-Pass Filter a kan Hz 20 zuwa 30 domin cire rugugi. Idan ɗan ƙugi ya saura, Notch Filter a kan 50, a matse shi sosai, zai ɗauke shi, amma ka yi hattara da 100 da 150, domin nan ne nauyin ganga da ƙasan muryar namiji suke zaune. Manyan tas-tas gara a bi su ɗaya-ɗaya da Repair bayan an buɗe hoton sautin sosai, Click Removal kuma a sa shi da sauƙi, don yakan ɗauki bugun kalangu a matsayin karce ya daddatse shi.

Noise Reduction shi ne wanda aka fi zalunta. Ka ba shi samfurin shirun bakin faifan, ka tsaya a kan dB 6 ko kusa da haka. Idan aka zarce, amon goge da kukuma yakan koma kamar ana kaɗa su a ƙarƙashin ruwa, kuma ɗan hucin faifai ya fi wannan daɗin ji nesa ba kusa ba. Idan an rubuta MONO a jikin faifan, ko kuma ka ji hagu da dama abu ɗaya suke faɗa, ka gama cire tas-tas tukuna sannan ka haɗe layukan biyu su zama ɗaya, wani kaso na ƙas-ƙas da rugugin zai ragu da kansa ba tare da an taɓa waƙar ba. Kwafin ajiya ya kasance WAV ko FLAC, MP3 kuma a fitar da shi daga ƙarshe domin turawa a WhatsApp, a rubuta sunan mawaƙi da lambar da ke jikin takardar faifan a sunan kowane fayil.